Fatar Famfon Fitilar Dogara

"Na ce ki ajiye ta, Baiwa. Magariba ta kawo jiki."

"Dada, saura kaɗan fa."

"Jiya ma saura kaɗan. Shekaranjiya da kika babbake girarki ma saura kaɗan ne. Dubi fuskarki don Allah, kamar kan akuya a bakin mahauta."

"Ai garaje na yi ranar. Yau na karanta yadda ake yi."

"Kin karanta. To karatun ne zai hana ki ƙona mana gida?"

Baiwa ba ta ɗago ba. Tana durƙushe a tsakar gida, ta shimfiɗa tsohon buhu, fitilar mahaifinta na tsaye a kai. Fitila ce mai famfo, irin mai tankin tagulla, wadda in ta kama ko allura ce ta faɗi a ƙasa sai ka gan ta. Da ita marigayi Dogara yake haska teburin tsirensa a bakin kasuwar Mayil Wan, nan Diyobu a cikin Fatakwal, har mutane kan yi kwatance da ita, su ce in ka hango farar wuta ka zo. Tun da ya rasu bara take cikin akwatinta a ƙarƙashin gado, tagullar ta yi kore-kore don laima. Uwarsu ta riga shi tafiya da daɗewa, saboda haka kakarsu Dada ce ke riƙon Baiwa da ƙanwarta Sakinatu, sai Kawu Hammadu mahauci da ke ɗakin ƙofar gida.

A cikin akwatin Baiwa ta tarar da wata 'yar takardar Turanci mai hotuna. Da bara ne, da ta naɗe gyaɗa da ita. Amma bana, shekarar da ake ta shirin mulkin kai, Adaku 'yar maƙwabtansu ta koya mata haɗa baƙaƙe, kuma tun daga nan babu abin da ya tsira daga bakinta, gwangwanin madara ne, jikin mota ne, buhun gishiri ne. Kwana shida ta yi tana bin takardar da yatsa. Ta kwance fitilar gaɓa-gaɓa, ta ɗauraye tankin da kananzir har sau uku, ta goge tagullar da toka da lemun tsami. Ta zira siririyar waya ta buɗe ɗan ramin da mai ke fitowa. Ta ɗaura sabuwar riga, wato 'yar farar jakar zare da ake ƙonawa ta zama toka, wadda ita ce ke ba da hasken.

Abu ɗaya ne ya gagare ta: fatar famfo. Wani ɗan faifan fata ne da bai wuce faɗin sule ba, shi ke tura iska cikin tanki, kuma na Dogara ya bushe ya farfashe. Mai kanti ya ce sun ƙare, sai jirgin ruwa ya iso. Kawu Hammadu ya ce ta jira sati biyu, baduku zai dawo daga Kano. Ta gwada ɗanyar fata daga mahauta, ta yi wari ta ƙandare. Ta gwada tsohon takalmi, ya yi kauri. Sati biyu kuwa a wurin Baiwa daidai yake da shekara.

To, a can ƙarshen gidan akwai wani ɗan ɗaki da ba a kwana a ciki, ba a ajiya, ba a shiga da wuta. A saman ƙofarsa akwai wata jar laya, wadda kakansu Gimba ya rataye tun lokacin da ya gina gidan. Dada ba ta taɓa faɗin dalili ba, cewa kawai take ba a taɓawa. Ran nan da hantsi, Dada na kasuwa, Baiwa ta kife turmi ta hau ta shafa layar. Shekara talatin na hayaƙi da laima sun sa fatar ta yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. Ta juya ta, ta sa reza ta yanki ɗan faifai daga bayan, ɓangaren da ke kallon bango. Takardar ciki ko taɓa ta ba ta yi ba. Ta ce a ranta ai rubutun ke aiki, fata fata ce. Ta jiƙa faifan a man gyaɗa, ta sa shi a famfo, ya zauna cif kamar don shi aka yi.

Yanzu ga shi rana ta faɗa bayan rufin kwano, sama ta yi jawur sannan ta fara dishewa. Kaji sun shige akurki. Baiwa ta zuba sifirit, ruwan nan mai saurin kama wuta, a ɗan kwanon da ke ƙarƙashin rigar, ta ƙyasta ashana. Wuta shuɗiya ta kama shiru. Nan ne ta yi kuskure shekaranjiya, ta buga famfo tun ƙarfen bai yi zafi ba, wuta ta yi sama ta lashe mata gira. Yau sai ta zauna a kan hannuwanta, ta cije leɓe, har shuɗiyar wutar ta kusa mutuwa. Sannan ta kama famfon.

Ta ji ya yi nauyi a hannunta. Ta buga, ta buga, ta buga. Fitilar ta yi wani ɗan tari, ta soma huci, sai farin haske ya buɗe a tsakar gidan gaba ɗaya.

Sakinatu ta yi tsalle tana tafi. "Yaya, ta Baba ce. Wallahi irin ta Baba ce."

Dada ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta rufe. Ta tsaya da buta a hannu tana kallon hasken, idanunta sun kawo ruwa. Hasken ya shiga ko'ina. Ya shiga ƙarƙashin turmi, ya shiga bayan randa, ya bi ta ƙasan ƙofar ɗan ɗakin nan na ƙarshen gida ya shige ciki.

Ladan ya ɗaga murya daga masallacin kasuwa. Bai kai ƙarshen kiran ba wani abu ya faɗo a kan rufin kwano, ya gangaro a hankali, ya faɗi kusa da ƙafar Dada. Sai wani ya faɗo. Sai wani.

Kawu Hammadu ya fito da ruwan alwala a hannu ya duƙa ya ɗauka. Ba dutse ba ne, garin ma ba shi da duwatsu. Katantanwa ce, irin ƙananan nan masu tsini na bakin ruwa, jiƙe sharkaf da baƙin taɓo, tana warin gishiri da ruɓaɓɓen ganye. Kuma daga gidan zuwa bakin ruwa tafiya ce mai nisa. Ya fita ya zagaya layin, bai ga kowa ba. Rufin gidan su Adaku, da ke jingine da nasu, ko ɗaya ba ta faɗa masa ba.

Da ya dawo sai ya tarar kowa na kallon Sakinatu. Yarinyar ta daina tafi. Tana tsaye ta juya wa fitilar baya, ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta sun ranƙwafa kamar na wanda ya shekara ɗari.

"Sakinatu?" in ji Dada a hankali.

"A kashe," in ji yarinyar. Muryar ba tata ba ce. Muryar tsoho ce, busasshiya, can ƙasan maƙoshi. "A kashe. Suna ganina."

Baiwa ta murɗa maɓallin iska, fitilar ta saki numfashi ta mutu. Duhu ya dawo ya fi na da nauyi. Amma jifan bai tsaya ba sai da aka yi lisha.

Kwana biyu gidan ya zama wani iri. Sakinatu ta shige ƙarƙashin gadon Dada ta ƙi fitowa. Ba ta ci, ba ta sha, in an kawo ko aci-balbal kusa sai ta dunƙule tana nishi. Da rana gari lafiya. Amma da rana ta karkata, iska sai ta tsaya cik, tsuntsaye su yi shiru, warin taɓo ya fara shigowa ta zaure. Ana kiran magariba katantanwa za ta fara sauka, kuma kullum ta fi ta jiya yawa. A rana ta biyu aka tarar da ruwa kwance a bakin zauren, alhali ba a yi ruwan sama ba. Kawu ya ɗanɗana da yatsa, ya tofar, ruwan gishiri ne.

Baiwa kuwa ta ɓoye laifinta a ciki. Ta mai da fitilar cikin akwati, fatar na cikin famfon. Sau goma ta buɗe baki za ta gaya wa Dada, sau goma ta haɗiye. Ta san in ta faɗa, fitilar ce za ta fara tafiya.

A rana ta uku bayan la'asar Kawu Hammadu ya shigo da Malam Arzika. Tsoho ne siriri mai farin gemu, ya daɗe a Fatakwal har ya manta shekarar da ya zo. Ya yi sallama a zaure, ya tsaya ya dubi ruwan da ke ƙasa, sannan ya tattare riga ya tsallake shi.

"Sannu da zuwa, Allah gafarta Malam," in ji Dada ta durƙusa. "An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Dada. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Malam."

"Allah ya ƙara sauƙi. A fito mini da ita nan, a rufa mata baƙin zane."

Da ƙyar Kawu ya jawo ta, shi da ke kayar da bijimi. Aka zaunar da ita a tabarma a bakin ɗakin Dada. Hadari ya taso daga wajen teku, tsakar gidan ya yi duhu-duhu tun lokaci bai yi ba. Malam ya sa aka kawo garwashi a kasko, ya barbaɗa wani garin magani, hayaƙi mai ɗaci ya tashi. Ya daɗe yana karatu ƙasa-ƙasa yana tofa mata. Baiwa na tsaye a jikin bango, ta harɗe hannu.

Can sai Malam ya ce, "Salamu alaikum, bawan Allah."

Daga ƙarƙashin zanen tsohuwar muryar ta amsa, "Wa alaikumus salam."

"Ashe musulmi ne kai. Musulmi kake jifan gidan marayu?"

"Ba ni ke jifa ba, Malam. Ni ake jifa."

Malam ya ce, "Wa ke jifanka?"

"Masu garin. Na cikin ruwa."

"Kai daga ina?"

"Daga inda kuka fito. A garken Gimba nake tun a Haɗeja. Ran da aka loda shanunsa a jirgin ƙasa aka lodo da ni, ban farga ba sai da muka ƙetare babban kogi. Na sauka na tarar ƙasar da masu ita. Ba na jin harshensu, ba sa jin nawa, kuma ba sa son baƙo." Muryar ta tsaya ta ja numfashi. "Gimba mutum ne. Da ya gane ina nan, ya ba ni ɗaki. Ya sa aka rubuta mini abin da zai rufe ni daga idonsu, aka ɗinke, aka rataye. Shekara talatin ban taɓa ko kazar gidan nan ba. Ki faɗa masa, matar Gimba. Gobarar da ta cinye layin nan, ina ta tsaya?"

Dada ta sunkuyar da kai. "A bangonmu."

"To me ya fito da kai?" in ji Malam.

"An huda rufina. Sannan aka kunna rana a tsakar gida da magariba, lokacin da suke fitowa. Na duba ban ga wurin ɓuya ba sai wannan."

"Wa ya huda?"

"Tana nan. Ta san kanta."

Garwashi ya yi ɗan ƙara a cikin kasko. Baiwa ta ji haushi na taso mata, don ba ta son a jira ta kamar yadda ba ta son jira.

"Ni ce," ta ce. "Bayan kawai na yanka. Ban taɓa rubutun ba."

Wata 'yar dariya mara daɗi ta fito daga ƙarƙashin zanen. "Ke a yanke miki bayan zane, ki shiga kasuwa mu gani."

"Baiwa," in ji Dada. Kiran sunan nan kaɗai ya fi duka zafi.

Malam ya ɗaga hannu. "An yi maka laifi, mun ji. Amma wannan yarinya ba ta yi maka komai ba. Fita za ka yi."

"Nan da ɗumi. Nan ba sa ganina. A bar ni zuwa rani."

"Zuwa rani ta mutu. Ko kwana ɗaya ba za ka ƙara ba." Malam ya ƙara garin a wuta, ya ɗaga muryar karatu. Jikin Sakinatu ya soma karkarwa, zanen na kaɗawa.

"Tsaya, Malam, tsaya. A maido mini da fatata, ita ɗin dai, ba wata ba. A ɗinke kafin a kira salla. Fitilar kuma a kai bakin ruwa a jefa musu, su ɗauka su ƙyale ni."

"Fitilar Babana ce," in ji Baiwa.

"Rufe mana baki," in ji Kawu.

Malam ya dube ta, ya dubi zanen. "Fata za a maido maka. Fitila ba za a ƙara kunna ta a cikin gidan nan ba, ni na ɗaukar maka wannan. Amma ba za a jefa musu ba. In aka ba su yau, gobe su dawo neman wani abu."

"A waje fa?"

"Waje ba naka ba ne."

Muryar ta ce a hankali, "Ba nawa ba ne, gaskiya. Nasu ne. Kuma sun ga wadda ta kunna."

Malam ya juya. "Yi sauri, 'yar nan. Rana ta tafi."

Baiwa ta ruga ta jawo akwatin. Aikin da ta yi kwana shida tana koya, yanzu ta kwance shi cikin ɗan lokaci, yatsunta na santsi da mai. Ta zaro famfon, ta kwance ɗan noti, ta ciro faifan. Ya lanƙwashe kamar ƙoƙo, ya yi baƙi, yana warin kananzir. Kawu ya sauko da layar. Malam ya fito da basilla da zare daga aljihu, ya ɗora faifan a kan ramin, ya soma ɗinki, idonsa dab da fatar saboda duhu. Babu wanda ya yi maganar a kawo masa wuta.

Warin taɓo ya shigo ta zaure. Iska ta tsaya. Katantanwa ta farko ta faɗo a rufi, ta gangaro. Ta biyu ta faɗo a tsakar gida, tsakanin Baiwa da kasko. Sai wani motsi a zaure, kamar ana jan jiƙaƙƙen buhu a ƙasa.

"Kar wanda ya waiga," in ji Malam, bai daina ɗinki ba.

Ya ɗaure zaren, ya ciza ya tsinke, ya miƙa wa Kawu. Kawu ya hau turmi ya rataye layar a ƙusarta.

"Tana warin mai," in ji muryar.

"Haka za ka yi haƙuri da ita. Ka yi mini alkawari da girman Allah ba za ka dawo jikin kowa ba."

"Na yi. Ku ma ku riƙe naku."

Sakinatu ta yi atishawa sau uku, ta kife a kan tabarma. Ƙofar ɗan ɗakin ta yi motsi kaɗan, kamar wani ya jingina da ita daga ciki. Daidai nan ladan ya kira salla, kuma har ya gama babu abin da ya ƙara faɗowa. Dada ta yaye zanen. Yarinyar ta buɗe ido ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Dada, akwai sauran tuwo?"

Washegari aka share katantanwa kwando biyu aka kai bola. Sakinatu ta ci ta ƙoshi, har tana wasa da kaji. Dada ba ta yi wa Baiwa magana ba tun safe. Sai da la'asar ta yi sanyi, inuwa ta cinye tsakar gida, Baiwa ta fito daga ɗaki ta ga Kawu Hammadu ya ɗora fitilar a kan turmi, yana riƙe da gatarinsa na fasa ƙashi.

"Kawu, me za ka yi?"

"Abin da ya kamata a yi tun bara."

"Malam bai ce a fasa ba. Cewa ya yi kar a kunna a gida."

"Ni na ce," in ji Dada daga bakin murhu. "Na san ki. Yau ki yi haƙuri, gobe ki yi haƙuri, jibi hannunki ya fara ƙaiƙayi."

"Shekara nawa Baba yana kunna ta a kasuwa, me ya faru? Laifina fatar ce, kuma na mayar. Da kin gaya mini abin da ke ɗakin, da na taɓa?"

"Au, ni ce mai laifin?"

"Ba a taɓawa, ba a taɓawa. Komai ba a taɓawa."

Kafin Kawu ya ɗaga gatarin ta sure fitilar ta rungume a ƙirji. Ta duƙa ta zari 'yar takardar Turancin daga akwati ta soke a zane.

"Ina za ki?" in ji Kawu.

"Wurin Idi, mai riƙe da teburin Baba. Zai ajiye mini. In baduku ya dawo in sa mata fata ta halal, in kunna ta a can."

"Magariba ta kusa, Baiwa," in ji Dada, yanzu ba da faɗa ba. "Kin dai ji abin da ya ce. Sun gan ki."

Sakinatu ta saki kazar da ke hannunta. "Yaya, kar ki fita da ita."

Baiwa ta tsaya a zaure. Ta waigo ta dubi ƙanwarta, ta dubi gatarin da har yanzu ke hannun Kawu. Sannan ta ja ƙofar gida. A kan dakali, daidai inda za ta sa ƙafa, akwai katantanwa guda ɗaya, jiƙe da baƙin taɓo, ruwa na zirara daga jikinta kamar yanzu aka ajiye. Layin babu kowa, sama ta fara yin ja.

Ta gyara riƙon fitilar, ta tsallake katantanwar, ta bugo ƙofar da ƙarfi har kwanon rufi ya amsa, ta nufi kasuwa.